Yadda ake lissafin kuɗin ɗaukar ƴan barema daga ƙetaren iyaka

Mai gona a Madarunfa, Ɗan Isa ko fadamar Jiratawa, cikin jihar Maraɗi ta Nijar, da ya kira ƴan barema daga Jibiya ko ƙauyukan Katsina yakan rubuta lada kawai, ya ce ya gama lissafi. Lada kuwa rabin magana ce. Sauran kuɗin suna fita ne kaɗan-kaɗan, daga rumbu, daga aljihu, har a kai girbi mutum bai san inda ribar ayarsa ko gyaɗarsa ta shige ba.

Fara da tsayar da irin aikin: yini ne ko jinga? A noman fari da maimai, jinga ta fi sauƙin lissafi, amma tana sa gaggawa. Za ka ga hauya ta shafe saman ƙasa, saiwar haki tana nan, bayan ruwa biyu gona ta sake rufewa, ka biya sau biyu. Maganinsa a zagaya gonar tare da shugaban ayarin, a nuna iyaka kunya-kunya, a yarda cewa kashin ƙarshe na kuɗin sai an duba aiki. A girbi da roron wake kuwa, gara biya bisa dami ko buhu.

Sai kuɗin da za a biya da shi. Tun da Najeriya ta saki farashin naira a 2023, canji ba ya zama wuri ɗaya. In aka ce "jika biyu" ba a faɗi sefa ko naira ba, ranar sallama akwai rigima. Ku tsayar da sefa, gaban shaidu biyu, a rubuta. Idan za ka tura wa iyalinsu wani abu, a san tun farko wanda zai ɗauki kuɗin turawa da ragin ɗan canji.

Abinci ne babban rami. Tiya ɗaya ta hatsi wajen kilo 2 da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuma tiya 40. Ƙarti goma masu noma tun safe, da furar rana da tuwon dare, ba za su kasa tiya 3 a yini ba. Kwana 20 ke nan tiya 60, buhu ɗaya da rabi. Kuma wannan yana faɗowa ne a watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya fi tsada a kasuwa. Ko daga rumbunka ka ɗiba, saka shi a lissafi da farashin ranar. Ƙara niƙa, nono, mai, kuka, itace, sukari da ganyen shayi, da ladan matar da ke dafawa, wadda kusan kowa ke mantawa da ita. Ranar da ruwa ya hana fita, ko aka tafi Juma'a, tukunya ba ta hutawa.

Kuɗin mota zuwa da komawa yawanci a kanka yake, da kabu-kabu daga bakin hanya zuwa gona. Kafin-alƙalami kuma kada ya wuce ladan kwana biyu ko uku, kuma ya bi ta hannun wanda ka san gidansu. Wanda ya karɓi da yawa, in ya ji an ƙara lada a gonar maƙwabci, da asuba sai dai ka tarar da tabarma.

Tanadi rumfar da ba ta yoyo, gidan sauro da ruwan sha. Damina lokacin masassara ce, mutum ɗaya ya kwanta, ga kuɗin likita, ga wanda zai raka shi ya bar aiki. Ware wani abu don saran maciji ko sarar hauya.

Batun takardu ya canza fuska. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 29 ga Janairun 2025, kuma kowa ya tuna yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Kowane baƙo ya zo da katin shaidarsa, ka gabatar da su wurin mai gari ranar da suka sauka, musamman a yankunan da ɓarayin daji suka dama. Kada ka ɗauki yaron da bai kai shekara 14 ba.

In gonarka kamfani ce mai biyan albashin wata, dokar ƙwadago ta 2012 ta hau kanka. Kwantiragin baƙo sai hukumar samar da aiki ta ƙasa (ANPE) ta sa masa hannu. Mafi ƙarancin albashi sefa 42,000 ne tun 2024, kuma kason da kai mai ɗaukar ma'aikata za ka zuba a asusun fansho da kula da ma'aikata (CNSS) kashi 16.4 cikin 100 ne, wato sefa 6,888 a kan kowane mutum duk wata, ban da kashi 5.25 da ake cirewa daga albashin ma'aikacin.

Idan ka tara duka, raba jimillar da yawan kwanakin da aka yi aiki na gaskiya, banda na ruwa da na ciwo. Wannan adadin za ka gwada da ladan ɗan garinku, wanda ke kwana gidansa, ya ci tuwon matarsa, fura kaɗai yake jira daga gare ka.