Yadda za ka gane tsohuwar mashinga da sojan wata ƙasa ya yi wa gyara

Toh in ka shiga gidan tarihi ka tarar da tsohuwar mashinga a ajiye, kar ka tsaya a sunan da ke jikin allo, don sau da yawa maƙerinta daban, sojan da ya yi yaƙi da ita daban, kuma duk hannun da ta shiga sai ya bar mata tabo.

Fara da magazin, wato ma'ajiyar harsashi, nan asirin yake. Ƙasa ba ta zubar da harsasan da ke jibge a sito saboda ta sayo sabuwar bindiga, bindigar ce ake tilasta wa ta ci abin gida. Ɗauki ZB 26 ta Cekoslobakiya, magazin ɗinta kusan miƙaƙƙe ne, yana cin harsashi 20 masu kaurin milimita 7.92. Da Ingila ta karɓe ta a shekarun 1930 aka raɗa mata suna Bren, wato sunayen garuruwan da ake ƙera ta, Brno da Enfield, aka haɗa, sai magazin ya lanƙwashe kamar lauje ya koma cin 30, dalili kuwa harsashinsu .303 yana da leɓe a gindi, in ka jera su ba za su taɓa kwanciya a miƙe ba. In kaga Bren da magazin da ya sake miƙewa, galibi L4 ce, wadda aka mayar 7.62 na NATO bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Kuma fa ba kowane gyara ke albarka ba. A 1918 aka juya mashinga Chauchat ta Faransa zuwa harsashin Amurka .30-06 don sojojin Amurka, ba a yanka mazaunin harsashin daidai ba, da ta ɗau zafi sai kwanso ya maƙale, sojan na ji na gani. Alamarta magazin ɗan akwati a madadin mai siffar rabin farin wata da Faransawa ke amfani da shi.

Daga nan koma kan tulun ruwan da ya rufe bututun don sanyaya shi, in mashingar samfurin Maxim ce. In kaga ƙaton murfi a samansa wanda hannu zai iya shiga, dabarar mutanen Finlan ce, don soja ya damƙo dusar ƙanƙara ya cusa in ba ruwa, ni wallahi duk cikin gyare-gyaren nan shi ya fi burge ni, har Rasha ta kwaikwaya bayan sun gwabza a 1939 zuwa 1940. Duba ƙafafu ma: ta Rasha M1910 tayu biyu gare ta da garkuwa, MG 08 ta Jamus a kan mazaunin ƙarfe mai ƙafa huɗu, Vickers ta Ingila ƙafa uku. Mashinga Lewis da Japan ta kwafa kuwa, Type 92, zoben da ya kare kunamarta babba ne saboda safar hannu.

Rubutu da fenti ka bar su ƙarshe. Jamusawa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu in sun ƙwato bindiga sukan ba ta sabon suna da ɗan harafi, (t) ta Cekoslobakiya, (r) ta Rasha, (e) ta Ingila, shi ya sa za ka ga MG 26(t) a allo. Jan fenti da aka zagaya wa Lewis kuma gargaɗi ne ga dakarun tsaron gida na Ingila a 1940 cewa wannan .30-06 take ci, kar wani ya ɗura mata .303. Fentin yakan koɗe sosai, sai ka haska fitilar waya ta gefe kafin ka gan shi, amma ka nemi izinin mai gadi tukuna.