Sabunta QGIS da PostGIS ba tare da taswira ta lalace ba

QGIS manhajar zana taswira ce, PostGIS kuma ƙari ne da ke ba rumbun bayanai na PostgreSQL damar ajiye bayanan taswira. Kafin ka taɓa komai, ka san sigar da kake da ita. A cikin rumbun bayanan ka rubuta SELECT PostGIS_Full_Version(). Zai nuna maka sigar PostGIS da ta GEOS (mai lissafin siffofi) da PROJ (mai juya ma'aunin wurare daga wani tsari zuwa wani). Sai ka ɗauki kwafin ajiya da pg_dump -Fc, ka gwada mayar da shi a wata na'ura, don kwafin da ba a gwada ba bai da tabbas.

Jeri yana da muhimmanci. Fara ɗaga PostGIS zuwa sigar da tsohuwar PostgreSQL da sabuwar duk suke ɗauka, ka gudanar da SELECT postgis_extensions_upgrade(). Sannan ka yi pg_upgrade, wanda ke ɗaga PostgreSQL kanta. In ka juya jerin, sabon rumbun zai nemi fayil ɗin tsohuwar PostGIS ya rasa, aikin ya tsaya cak.

Wurare biyu suka fi kama mutane. Tun PostGIS 3.0 a 2019 aka ware rasta, wato bayanan hoto, zuwa postgis_raster, don haka mai hotunan tauraron ɗan'adam a rumbu ya tabbatar an girka shi. PostgreSQL 12 kuma ta cire ginshiƙin adsrc daga teburin tsarinta, shi ya sa tsohuwar QGIS ke kukan ba ta gan shi ba. Maganinsa a sabunta QGIS a kwamfutar kowa a ofis, kuma sigar LTR, wadda ake kula da ita na dogon lokaci, ta fi kwanciyar hankali.

Masu bayanan da ke kan tsarin ma'aunin Minna na Najeriya, mai lamba EPSG:4263, su gwada wuraren da suka san ma'auninsu bayan sabuntawa, domin sabuwar PROJ na iya zaɓar wata hanyar juyawa zuwa WGS 84, tsarin da GPS ke amfani da shi, iyakar fili ta gusa da 'yan mitoci.