Yadda ake tare ciwon suga ga mai ciwon damuwa da ya fara ƙiba

A Kano in mutum ya yi ƙiba sai a ce hutu ya karɓe shi. Ba kullum ba ne. Mai ciwon damuwa barcinsa yakan lalace, jikinsa ya mutu, sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, ya yawaita a jininsa. Shi kuwa kotisol yana ɗaga suga, yana tara kitse a ciki. Ga kwaɗayin zaƙi cikin dare: shayi mai kauri, lemon kwalba, alkaki. Kitsen tumbin nan ne ke hana insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, aiki, ta nan ciwon suga nau'i na biyu ke shigowa.

Fara da ƙirga kwanaki. In ka yi mako biyu cikin ƙunci, abin da ke faranta maka rai da can ya daina, barci da cin abinci sun canza, to ya wuce "tunani ne kawai". Je ka ga likita. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin Dawanau.

Sai awon ƙugu da tef ɗin tela, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan ka saki numfashi. Namiji ya kai santimita 94, mace 80, an shiga haɗari.

Gwajin suga da safe ake yinsa, bayan awa 8 ba ci. Nan ake yawan kuskure: a sha koko a hanya a ce ai ba abinci ba ne. Ruwa kaɗai aka yarda. In sakamakon gwajin ya nuna daga 5.6 zuwa 6.9, gargaɗi ne. In ya kai 7.0, ko 126 a wasu na'urorin, a maimaita wata rana kafin a tabbatar.

Duba maganin da kake sha. Cikin magungunan da ake ba masu ciwon damuwa, amitriptyline da mirtazapine suna buɗe ciki, olanzapine ma ya fi su sa ƙiba. Kada ka yanke shi da kanka, ciwon damuwar na iya dawowa. Gaya wa likita kilo nawa ka ƙara, ya san ko zai sauya.

Tafiya kuwa minti 30, kwana biyar a mako, bayan Asuba kafin rana ta yi zafi. Mai damuwa da wuya ya tashi shi kaɗai, don haka a haɗa shi da abokin tafiya. Rage malmalar tuwon shinkafa, ƙara wake da kwaɗon zogale, fura kuma ba sukari. Mai kilo 90 ya sauke biyar ko shida, haɗarin ya ragu sosai.