Yadda ake rufe atisayen tai chi da numfashi

A tsarin motsi 24 da hukumar wasannin ƙasar Sin ta fitar a 1956, wanda da yawa daga masu koyon tai chi, wato atisayen Sinawa na motsa jiki a hankali, ke farawa da shi, motsi na ƙarshe na rufewa ne, amma sau da yawa mai koyo yakan sauke hannu kawai ya kama gabansa. Wannan kuskure ne. Bayan an daɗe gwiwoyi a lanƙwashe, tsayawa farat ɗaya kan sa jini ya taru a ƙafafu har jiri ya ɗebi mutum. Malaman Sinawa kuwa cewa suke yi kuzarin da suke kira chi ya bazu cikin gaɓoɓi, don haka sai an mayar da shi dantiyan, wato cikin mara, kimanin faɗin yatsu uku ƙasa da cibiya.

Da farko ka tsaya ƙafafunka a ware daidai faɗin kafaɗu, ka miƙe gwiwoyi sannu a hankali ba tare da ka sandare su ba, ka saki kafaɗu, ka ɗora kan harshe a ganɗa, bayan haƙoran sama.

Daga nan ka ja numfashi ta hanci yayin da kake ɗaga hannuwa ta gefe, tafuka suna kallon sama, har su kusa haɗuwa a bisa kai. Sai ka juya tafukan ƙasa, ka sauko da su ta gaban fuska da ƙirji zuwa mara kana fitar da numfashin. Ka maimaita sau uku. A nan ne aikin yake, kuma a nan ake yawan ɓata shi, domin mai koyo kan tilasta wa numfashinsa ya bi tafiyar hannu, alhali hannun ne ya kamata ya bi numfashi. Idan iska ta ƙare kafin hannu ya iso cibiya, kada ka matse ƙirji. Ka sake shaƙa kaɗan ka ci gaba. Abin da ake nema shi ne ciki ya taso lokacin shaƙa, ya lafa lokacin fitarwa, fitarwar kuma ta ɗara shaƙar tsawo, saboda doguwar fitarwa tana rage saurin bugun zuciya. Riƙe numfashi ba ya cikin wannan aiki, musamman ga mai hawan jini ko mai juna biyu.

Bayan haka ka ɗora tafi bisa tafi a kan mara. Wasu malamai sukan ce namiji ya sa na hagu a ƙasa, mace ta sa na dama, sai dai a ganina abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne hankalinka ya tattaru ƙarƙashin tafin, ka ji ɗumin hannu da tashi da saukar ciki na minti ɗaya ko biyu. Yawun da ya taru a baki ka haɗiye shi a hankali.

Sannan ka murza tafuka har su yi ɗumi, ka shafa fuska daga haɓa zuwa goshi kamar mai wanke ta, ka taje kai da yatsu, ka murza bayan ƙugu inda ƙodoji suke, ka bubbuga cinyoyi da sharaɓa. A ƙarshe ka jawo ƙafar hagu kusa da ta dama, ka yi 'yar tafiya kafin ka zauna. Idan gumi ya karyo, ka goge shi ka sa riga, domin al'adar Sinawa tana gargaɗi kan shiga iska ko kwankwaɗar ruwan sanyi nan take. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji ko jiri mai tsanani, ya zauna, sannan ya ga likita kafin ya koma atisaye.