Shawara ga mai niyyar zuwa Svalbard

Jama'a, duk mai shirin zuwa tsibiran Svalbard na ƙasar Norway ya fara da maganar biza. Shi kansa Svalbard ba ya neman biza, amma jirgi daga Oslo ko Tromsø yake tashi, kuma Svalbard ba ya cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, alhali Oslo da Tromsø suna ciki. Saboda haka ku nemi bizar Schengen mai shiga sau biyu, in ba haka ba a dawowa za ku maƙale. Wannan ne ya fi damuna, don mutane da yawa ba su san da shi ba.

Kada wanda ya fita bayan garin Longyearbyen, babban garin Svalbard, shi kaɗai, komai kyawun wuri. Akwai farin beyar, kuma yana kisa. Ku bi ɗan jagora mai bindiga, ko yawon kan dusar ƙanƙara da karnuka za ku, ko shiga kogon ƙanƙara.

Tufafi kuwa, na ulu za ku sa a jikin fata, ku ɗora wasu a kai. Auduga tana riƙe gumi, gumin ya huce ya zama sanyi. Waya a aljihun ciki, don sanyi yana shanye batir nan da nan. A otal da gidan tarihi ana cire takalmi a bakin ƙofa, al'ada ce tun zamanin haƙar kwal.

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana ba ta faɗuwa, daga Nuwamba zuwa Janairu kuma duhu ne dare da rana. Ku tambayi malami yadda za ku lissafa lokutan salla tun kuna gida.