Binciken Ma'aikaci a Amurka Kafin a Damƙa Masa Makulli

A yawancin jihohin Amurka, idan ma'aikacinka ya cuci wani, kotu takan juyo kanka da tambaya: ka san halinsa, ko da ka bincika da ka sani? In amsar i ce, kai ma za ka biya diyya, ko da ɓarnar ba ta cikin aikin da ka sa shi. A shari'ar Ponticas ta 1983, kotun ƙolin Minnesota ta ɗora wa masu gidajen haya alhaki, domin sun ba wani manaja makullin da ke buɗe kowane ɗaki alhali an taɓa ɗaure shi kan fashi da makami, shi kuma ya yi wa wata 'yar haya fyaɗe.

Don haka fara da auna aikin kansa. Mai shiga gidajen mutane, mai kula da yara ko tsofaffi, direba da mai riƙon kuɗi, bincikensu ya fi na mai jera kaya a sito zurfi.

Idan kamfanin bincike za ka ba aikin, dokar FCRA ta 1970, dokar tarayya kan rahotannin bincike a kan mutane, ta hau kanka. Ka sanar da mai neman aikin cewa za a bincike shi, a takarda mai zaman kanta, ya ba ka izini a rubuce. Nan ake yawan tuntuɓe: cusa sanarwar cikin fom ɗin neman aiki ya saɓa doka, kuma in da gangan ne, diyyar kowane mutum dala 100 zuwa 1,000 ce. Duba lokaci kuma. A Kalifoniya, tun 2018, mai ma'aikata biyar ko fiye ba zai tambayi tarihin laifi ba sai ya yi wa mutum tayin aikin.

Kada ka dogara da rumbun bayanan laifuka na ƙasa baki ɗaya kawai, yana da giɓi sosai. A duba kotunan gundumomin da mutumin ya zauna, da rajistar masu laifin lalata. Kira tsofaffin iyayen gidansa da kanka, ka tambaye shi shekarun da ya tsallake a takardunsa.

Idan an ga laifi, kada ka yi gaggawar rufe masa ƙofa. Wanda ya gama zaman kaso ma yana da haƙƙin neman abinci. Jagorar 2012 ta EEOC, hukumar tarayya mai hana wariya wajen ɗaukar aiki, ta ce a auna girman laifin, daɗewarsa, da alaƙarsa da aikin, kuma kamu kawai ba hujjar laifi ba ne. Ba shi kwafin rahoton da takardar haƙƙoƙinsa, ka jira (an saba kwana biyar na aiki), domin sau da yawa suna ne ya zo ɗaya da na wani. Sai bayan nan ka aika sanarwar ƙi.

Adana kowace takarda da kwanan watanta. A Fulorida, wanda ya yi binciken da doka ta zayyana bai ga abin zargi ba, kotu na fara ɗaukarsa a matsayin wanda bai yi sakaci ba.