Kurakuran da ake yi wajen karanta jerin kakanni a Littafi Mai Tsarki

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsallakewa. Mai karatu ya iso littafin Tarihi na Ɗaya, ya ga surori 9 na "wane ya haifi wane", sai ya buɗe gaba. Amma ga Yahudawan da suka dawo daga bauta a Babila, waɗannan sunaye su ne shaidar gado da matsayi. Ezra 2:61-63 ya ba da labarin wasu iyalan firistoci da suka nemi sunansu a littafin asali ba su samu ba, aka hana su aikin firist da cin abinci mai tsarki. Kafin ka wuce wani jeri, tambayi kanka: haƙƙin wa ake tabbatarwa a nan?

Na biyu, mayar da jerin ya zama kalanda. A 1650 wani babban limamin coci na Ailan, James Ussher, ya haɗa lissafin shekaru ya ce an yi halitta a 4004 kafin haihuwar Almasihu. Matsalar ita ce marubutan suna tsallake tsara da gangan. A jerin kakannin Yesu, Matiyu 1:8 ya ce Yoram ya haifi Uzziya, alhali Tarihi na Ɗaya 3:11-12 ya nuna sarakuna uku a tsakani: Ahaziya, Yowash da Amaziya. Ba mantuwa ba ce, don Matiyu da kansa ya faɗa cewa ya shirya jerinsa kashi uku, kowanne tsara 14. Bahaushe ma yakan kira mutum jikan Shehu ko da kakanni da yawa ne a tsakaninsu. Ƙari a kan haka, shekarun da ke littafin Farawa sura 5 da 11 sun bambanta tsakanin rubutun Ibrananci da tsohuwar fassarar Girkanci.

Wasu kuma suna ruɗewa da bambancin jerin kakannin Yesu a Matiyu da Luka. Matiyu ya fara daga Ibrahim ya bi ta Sulemanu, layin sarauta. Luka 3 ya bi ta Natan ɗan Dawuda har Adamu. Duba wa kowannensu yake rubuta wa. Kar kuma idonka ya wuce matan da Matiyu ya saka: Tamar, Rahab, Rut Bamowabiya da matar Uriya, a jerin da aka saba ambaton maza zalla.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne abin da aka yi da Farawa 9 da 10. Masu cinikin bayi a Turai da Amurka sun daɗe suna cewa baƙar fata zuriyar Ham ɗan Nuhu ne, la'anannu, don haka bautar da su halal ce. Buɗe ka karanta Farawa 9:25. Kan'ana ɗan Ham Nuhu ya la'anta, kuma ba a ambaci launin fata ba sam. Kush da Masar da Fut, sauran 'ya'yan Ham, babu wanda la'anar ta ambata. In wani ya kawo maka wannan hujja, ce ya nuna maka ayar.